Jan Ƙyallen da Ke Cikin Littafina

Ina kan keke ina haɗa hannun wata riga, sai maƙwabcina mahauci ya shigo rumfata ba sallama. Shekara goma sha ɗaya muna jere a kasuwar Batsari, bai taɓa shigowa bai tsokane ni ba. In bai ce na ci masa yadi ba, zai ce wandon da na ɗinka masa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Rannan sai ya tsaya kawai, waya a hannu, yana kallon ƙasa.

"Tela, sauke ƙafa daga kan keken nan."

"Lafiya, sarkin fawa?"

"Matar ƙanenka ce ta kira ni, ta ce taka ba ta shiga. 'Yan bindiga sun shiga gonakin Runka da hantsin nan. Sun tafi da mutane daji, har da shi."

Damina ce, ana tsakiyar maimai. Na tuna na juya keken da hannu don in ɗaga allura daga cikin yadin, kamar yadda nake yi kullum in zan tashi. Sannan na jawo aljihun teburi na ɗauko Littafi Mai Tsarki. Da yatsuna suka taɓa ƙyallayen da ke leƙowa daga gefensa, ba ƙanena ne ya fara zuwa mini a rai ba. Wata mata ce da muke kira uwar tagwaye. Kunya ta riga baƙin ciki isowa gare ni a ranar. Akwai wata gaskiya a hannuna wadda tata ce, na riƙe shekara biyu ban ba ta ba.

Dole in koma baya kaɗan.

Mahaifinmu daga wajen Kafur yake. Aikin ɗakin shan magani ne ya kawo shi ƙasar Safana, ya sami gona a Runka, a can ya tsufa, a can muka binne shi. Ƙanena ya zauna a gonar tare da Inna, ni kuma na koyi ɗinki na zauna a Batsari. Mu Kirista a nan ba mu da yawa. Gidaje ne 'yan kaɗan, sai ma'aikatan da ake kawowa yau a ɗauke gobe. Ba kullum muke da fasto ba. To, da yake na gama firamare, kuma Allah ya ba ni murya mai kauri, sai ya zama ni ne mai karatu. In an yi rashi ko wani ya kwanta ciwo, ni ake kira in je in karanta wa mutanen gida abin da zai sanyaya musu rai.

Da farko nakan sha wahala wajen neman wuri. Mutane sun yi shiru suna jira, ni kuma ina ta juya shafi, gumi yana zubo mini. Sai na yi dabara irin ta sana'ata. Na tsinci guntayen yadi a ƙarƙashin teburi, na yanka su siri-siri kamar yatsa, na daje bakinsu don kada su zare, na sa su a wuraren da nake bukata. Fari na tsoho ne wanda ya cika kwanakinsa. Shuɗi na yaro. Kore na mai jinya. Ja na wanda mutuwa ta ɗauke farat ɗaya, ko a hanya, ko a hannun mutane. A wurin jan ne manzo yake gaya wa 'yan'uwa kada su yi baƙin ciki irin na waɗanda ba su da bege a kan 'yan'uwansu da suka yi barci, domin akwai ranar da za a tashe su. A shekarun nan jan ya fi sauran dauɗa.

Dabarar ta yi aiki. Ina shiga gida, in zauna, in ja ƙyalle, Littafin ya buɗe da kansa. Mutane suka fara cewa hannun Tela ba ya ɓata, duk inda ya buɗe nan ne maganin. Ban taɓa cewa haka ne ba, ban kuma taɓa cewa ba haka ba ne. Ina jin daɗin abin, wannan ita ce gaskiya.

Mijin uwar tagwaye magini ne. Ya je aikin wani aji a wajen Tsaskiya, aka tare su a hanyar dawowa, aka sauke shi daga bayan babur aka shiga daji da shi. Abin ya faru a goman ƙarshe na azumi. Duk wanda ya san tela ya san yadda yake a waɗannan kwanaki. Shadda ta taru mini har rufin rumfa, kowa yana son tasa kafin Sallah, wani ma a gabana yake zama yana gadina. Sai a rana ta huɗu na samu na je gidanta, bayan la'asar, zare a jikin rigata, raina yana kan wata babbar riga da ban gama wuyanta ba.

Ɗakin cike yake da matan ikilisiya. Tana zaune a tsakiya, tagwayen suna jingine da ita, surukarta tsohuwa tana gefe. Na gaishe su, na zauna a kujerar da aka ba ni, na ja ƙyalle. Ban yi tunani ba. Hannuna ya ji an ce 'yan bindiga, sai ya tafi wurin ja. Na karanta da muryar nan tawa, a hankali, yadda na saba. Na kai tsakiya kafin in lura ɗakin ya yi wani irin shiru.

"Malam Tela," in ji ta, muryarta can ƙasa. "An kira ka ne? Sun kashe shi?"

Kalma uku ko huɗu ne suka rage a gare ni. In ce, a'a, kuskure na yi, na buɗe inda bai kamata ba. Amma matan nan duk suna kallona, kuma su ne masu cewa hannuna ba ya ɓata. Sai na rufe Littafin na ce, "Maganar Allah ba ta kuskure. Ki shirya zuciyarki, Maman tagwaye."

Tsohuwar ce ta fara ihu. Sai matan suka ɗauka. Ni kuma na yi addu'a gajera a cikin kukan, na fita, na koma kan wuyan rigata.

Kafin rana ta faɗi an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan. Maƙwabta suna ta zuwa gaisuwar mutuwa, Musulmi da Kirista, har da abokan aikinsa magina. Ta nan hanyar gidana take. Na ga tabarmin, na ga takalman da aka jera, na bi ta wani lungu.

Washegari dattijon ikilisiyarmu ya zo rumfata, yana dogara sanda.

"Ɗana, wa ya kawo maka labarin?"

"Baba, ni ban ce ya mutu ba. Karatu kawai na yi."

Ya daɗe yana kallona. Shi da kansa ya je ya naɗe tabarmin, ya ba mutane haƙuri, ya ce ba a tabbatar ba tukuna.

Da mutumin ya dawo, da an yi mini dariya kwana biyu an manta. Amma bai dawo ba. Wata ya bi wata, waɗanda aka sako ba wanda ya ce ya gan shi, ba wanda ya ce ya ga gawarsa. Sai maganar ta juya. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna bayan sujadar Lahadi ta ce, "Ai tun ranar Ruhu Mai Tsarki ya buɗe maka wurin, mu ne ba mu gane ba." Na ce mata, "Allah ne masani, Iya." Na san yadda za ta ɗauki amsar, shi ya sa na ba ta ita.

Uwar tagwaye ba ta taɓa ce mini komai ba. Tana da injin niƙa a ƙofar gida, da shi ta riƙe yaran. Kowace Lahadi takan rusuna ta gaishe ni. Kayan Kirsimetin tagwaye ma ni take kawo wa. Nakan ɗinka su da kulawar da ba na yi wa na alhazai, in ƙara musu aljihun da ba a ce in sa ba. A raina kamar ina rage wani abu ne da hakan.

To, wannan ne abin da ya faɗo mini a rai ranar da mahauci ya kawo labarin ƙanena.

Shi ne ya bar wa ɗan'uwansa teburin nama, ya goya ni a babur har Runka. Gero ya kai ƙugu a dama da hagu, kore shar, amma gonakin ba kowa. Da muka isa ya ƙi shan ruwa, ya ce, "Tela, in ka ji wani abu ka kira ni ko wane lokaci ne. Wandon nan ma na yafe maka." Ya juya ya tafi kafin yamma ta yi masa a hanya.

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta. An ɗauko fartanyar ƙanena daga gona, da takalminsa ƙafa ɗaya, an ajiye a gabanta. Matarsa tana tsaye jikin rumbu, goye da ƙaramarsu, waya a hannunta. Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunana.

"Kai wannan, ka zo da Littafin?"

"Na zo da shi, Inna."

"To."

Na zauna na ɗora shi a cinya. Fari, shuɗi, kore, ja. Na ga yatsana yana tafiya da kansa wurin ja, na janye shi kamar na taɓa dutsen guga. Kore kuwa na mai ciwo ne da yake kwance a gabanka, kana ganinsa. Ba ni da ƙyallen mutumin da ba a san ko yana numfashi ba. Littafin da na yi shekara goma ina ɗauka zuwa gidajen mutane, sai na ga ashe wuri huɗu na sani a cikinsa.

"Na manto tabarau, Inna."

"Ga shi nan a aljihunka yana leƙenka."

Ba wanda ya yi dariya. Na ce bari mu yi addu'a, na yi, ban san abin da na faɗa ba.

Kwanakin da suka biyo baya duk iri ɗaya ne. Akwai wani wuri a kan katangar baya inda waya take samun sabis, nan muka ajiye ta a kan bulo, muna gadinta bi da bi. In ta yi ƙara kowa sai ya miƙe, har Inna da ƙafarta mai ciwo. Sau da yawa dangi ne suke tambaya ko an ji wani abu.

Maƙwabcinmu wani tsohon malami ne mai makarantar allo, abokin mahaifinmu tun suna samari. Kullum da safe yakan zo ya tsaya a zaure ya ce, "Allah shi bayyana shi da rai da lafiya. Allah shi sassauta zukatan waɗanda ke riƙe da shi." Haka kowa yake cewa. Matan unguwa haka suke cewa, masu tallar nono haka suke cewa. Duk ƙasar nan ba wanda bai san bambancin gaisuwar wanda ya ɓata da ta wanda ya mutu ba. Ni ma na sani. Da baki zan gaishe da uwar tagwaye a ranar, da ba zan taɓa yin kuskuren ba. Sai da na ɗauki Littafi, na bar hannuna ya yi aikin da zuciyata ya kamata ta yi.

A rana ta biyar wani ɗan'uwa ya zo daga Safana, mutumin kirki. Da zai tafi ya ce, "Mu dai mu miƙa shi ga Ubangiji, ko a raye ko a mace." Matar ƙanena ta tashi ta shige ɗaki. Ni kuma na so in kama wuyan rigarsa in fitar da shi. Kalma ɗaya ce ya faɗa, kuma da taushi ya faɗe ta. Na zauna a bayan rumbu na tuna abin da ni na faɗa, da muryar da na faɗe shi, a gaban yara biyu.

A rana ta tara, da hantsi, sai ga uwar tagwaye. A bayan a-kori-kura ta zo, ita da buhunan taki, a hanyar da maza ma suke tunani kafin su hau. Tana riƙe da kula cike da dambu. Ta durƙusa ta gaishe da Inna, ta gaishe ni, ta wuce wurin matar ƙanena kamar ta saba shiga gidan.

Ina jin su daga inda nake zaune.

"Yaushe rabonki da wanka? Tashi, ni zan riƙe miki yarinyar. Wayar ba ta gudu, ga Yayanku nan ba aikin da yake yi."

"Anti, ba na iya cin komai."

"Ba a ce ki ji daɗinsa ba, an ce ki haɗiye. Mai shayarwa ce ke. Sannan rigar nan tasa da kika ɓoye a ƙarƙashin filo, kada ki bari kowa ya ce ki wanke. In kin ga dama ki bar ta shekara."

"Ya aka yi kika san…"

"Ni za ki tambaya?"

Na ji matar ƙanena ta yi wani sauti, rabi kuka rabi dariya. Shi ne na farko irinsa a gidan tun ranar.

Bayan azahar muna zaune a inuwar darbejiya, tana tsinke zogale a faranti, sai ta ɗago ta dube ni.

"Malam Tela, an ce kwana tara ba a ji muryarka ba a gidan nan. Zaren ne ya tsinke, ko keken ne ba mai?"

Na ce, "Sai a hankali, Maman tagwaye."

"Ɗauko Littafin. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, da yatsa nake bi, kafin in kai ƙarshen layi Inna ta yi barci. Buɗe Zabura, can wajen ƙarshe, inda mutumin yake cewa ba inda zai gudu ya ɓuya wa Allah."

Na san wurin da ka, amma sai da na yi ta nema. Babu ƙyalle a can. Shafukan ma a manne suke, sababbi, kamar ba a Littafina suke ba. Na sa tabarau na fara.

Mutumin yana gaya wa Allah cewa ya san zamansa da tashinsa. In ya hau sama zai tarar da shi a can. In ya shimfiɗa tabarmarsa a wurin matattu, can ma yana nan. In ya tashi da fikafikai ya sauka a ƙarshen teku, hannun nan dai shi ne zai riƙe shi. In kuma ya ce duhu ya rufe shi, to duhun ba duhu ba ne a wurin Allah. Muryar nan tawa da ake yabo ta ƙi fitowa daidai. Na tsaya sau biyu.

Uwar tagwaye ba ta daina tsinkar zogale ba. Ta ce wa matar ƙanena, "Kin ji ko? Bai ce miki ya mutu ba, bai ce miki yana raye ba. Cewa ya yi an san inda yake. Mu ne ba mu sani ba. Duk faɗin dajin nan babu gindin itacen da yake a ɓoye. Ni da wannan nake tashi da safe in kunna inji."

Inna ta ce, "Kai wannan, sake karantawa."

Na sake. Ta ce in sake, na sake. Sannan ta jawo kular dambun da kanta.

Kafin uwar tagwaye ta tashi ta sa na nemo wani wurin kuma, can wajen farko, inda mai addu'a yake tambayar Allah har yaushe zai manta da shi, yana maimaitawa kamar mai faɗa. Ta ce, "Wannan na ranar da kika tashi da fushi ne. Kada ki ji tsoro, a rubuce yake, an yarda a tambaya." Ni mai karatu, ranar ce na fara jin cewa mutum yana iya ɗaukar fushinsa ya kai gaban Allah ba tare da ya wanke shi ba tukuna.

Da la'asar na ɗauki kular na raka ta inda motoci suke tsayawa. Muna tafe a gefen gona, ni ina gaba kaɗan. Na shirya maganar tun daga zaure. Na ce a raina in mun wuce rijiya zan faɗa. Muka wuce rijiya.

Ita ce ta fara.

"To wannan wane launi za ka yanka masa?"

Na tsaya. "Kin san da ƙyallayen?"

"Haba Malam. Wace mace ce ba ta sani ba? Mu da muke zaune a ƙasa, kai kana kan kujera, ai mu muka fi ka ganinsu. Tun kafin ka buɗe baki mun san wanda za a karanta." Ta gyara mayafinta. "Rannan ina ganin yatsanka ya kama ja, na ce shi ke nan."

Muka ci gaba da tafiya. Da muka hango motar, direba yana ɗaure kaya, sai ta rage sauri.

"Malam Tela, zan tambaye ka abu, don yanzu kai ma ka san yadda abin yake. Tsakaninka da Allah, a ranar akwai abin da aka faɗa maka wanda ba ka gaya mini ba?"

"Babu. Ba wanda ya faɗa mini komai."

"To nuna maka aka yi ke nan, kamar yadda suke cewa?"

Tana kallona kai tsaye. Ba fushi a fuskarta, so take ta sani kawai. Matar nan ta hau bayan mota ta bi hanyar da aka ɗauke mijinta a irinta, ta kawo wa uwata abinci, ta buɗe mini Littafina. Abin da take nema a wurina bai kai nauyin kular da ke hannuna ba. In ce mata sauri nake yi, raina yana kan rigar wani, hannuna ne ya tafi inda ya saba. In ce mata babu wata alama, ban san komai ba game da mijinki, har yau ban sani ba.

Na ji bakina yana cewa, "Allah ne masani, Maman tagwaye."

Ta gyaɗa kai a hankali. "To," in ji ta. Ta karɓi kular, ta hau. "Ka kula da Inna. Ka riƙa karanta musu, ko ba su ce ba."

"Ki gaida tagwaye."

Na tsaya har motar ta ɓace. Ban san abin da na ji tsoro ba. Ba kowa a wurin sai ni da ita. Na sha juya abin a raina, abin da na samu kawai shi ne, ban iya jure ta gan ni yadda nake ba a ranar da ta yi mini alheri.

Na ci gaba da karanta musu wuraren nan biyu, safe da yamma, har na haddace. Sun riƙe mu, ba zan ɓoye ba. In tunani ya kai ni dajin, na ga ƙanena da ƙafa ɗaya ba takalmi, sai in ce wa kaina an san inda yake, numfashina ya dawo. Amma kowane karatu da ɗacinsa, don na san hannun da ya nuna mini wurin.

Bayan an yanke gero aka sako wani mutumin Runka da aka tafi da su tare. Ya zo gidanmu da kansa, ƙafafunsa a kumbure. Ya ce zazzaɓi ne ya kama ƙanena, ya kwana shida, ya cika da safe, kansa a kan cinyarsa. Ya ce su duka Musulmi ne, suka tambayi juna yadda ake yi wa Kirista, ba wanda ya sani. Sai suka roƙa aka bar su suka haƙa da itace a gindin wani marke, suka rufe shi da mutunci, suka jera duwatsu. Ya ce, "Ku yafe muna in ba mu yi daidai ba." Inna ta ce masa, "Kun yi daidai, ɗana."

Muka yi sujadar jana'iza babu gawa. Fasto ya zo daga nesa, shi ya yi karatu. Da ya nemi Littafi na miƙa masa nawa, ya buɗe wurin jan ƙyalle, ya karanta zancen waɗanda suka yi barci da ranar da za a tashe su. Na saurara kamar ban taɓa ji ba. A ranar ta shige ni, ta zauna daidai, na yi kuka irin na mai bege. Ayar ba ta da laifi ko kaɗan. Lokacinta ne ban jira ba a gidan wata.

Da na koma Batsari na zare ƙyallayen duka huɗu na sa a aljihun teburi, tare da alli da tsofaffin maɓallai. Yanzu in an kira ni nakan zauna tukuna in ji abin da mutanen gida suke faɗa, sannan in nemi wuri, ko da zan daɗe ina juya shafi. Wasu sun ce Tela ya tsufa. Mahauci ya ce dama can ni ba gwanin sauri ba ne, a tambayi duk wanda ya taɓa kawo mini ɗinkin Sallah.

A wurinsa na ji sauran labarin, don matarsa a wurin uwar tagwaye take niƙa. Sati biyu bayan zuwanta Runka, uwar tagwaye ta fito da kayan aikin mijinta, cokalin gini da guduma da igiyar awo, waɗanda ta yi shekara biyu tana gogewa tana mayarwa a buhu. Ta rarraba wa abokan aikinsa. Ta ce wa matan ikilisiya ta daina sauraren ƙarar babur a ƙofar gida. Bayan sabuwar shekara wanta ya zo ya kwashe su, ita da tagwaye da injin, suka koma wajen Malumfashi.

Mai yiwuwa ne mijin nata ya mutu tun a makon farko. Mai yiwuwa ne kuma lokaci ya yi da za ta huta. Amma ba ni da ikon yanke mata wannan, kuma na san a kan maganar wa ta yanke.

Na san sunan ƙauyen, na san motar da ake hawa. Dattijonmu ya ce in na shirya zai raka ni, bai tambaye ni dalili ba. Damina biyu ke nan. Har yau ban je na gaya mata cewa hannuna ne ya yi kuskure ba.